Yawaita furotin, rage sitaci: tambayoyi da amsoshi ga mai son rage ƙiba

Me ake nufi da abinci mai yawan furotin da ƙarancin kabohaidiret?

Abin da ke ba jiki kuzari a cikin abinci kashi uku ne: furotin, kabohaidiret da mai. Furotin shi ne sinadarin gina jiki, ana samun sa a ƙwai, kifi, nama, madara, wake da waken suya. Kabohaidiret kuwa shi ne sitaci da sukari, irin na shinkafa, burodi, taliya, dankali da lemon kwalba. Giram ɗaya na furotin yana da kalori 4 (kalori shi ne ma'aunin kuzarin da abinci ke bayarwa), na kabohaidiret ma 4, na mai kuma 9. Tsarin da ake magana a kai shi ne a faɗaɗa gurbin furotin da kayan lambu a faranti, a matse gurbin sitaci da sukari. Galibi idan mutum yana cin ƙasa da giram 130 na kabohaidiret a rana, ana cewa ya rage. Wanda ya sauko ƙasa da giram 50 ya shiga tsarin da ake kira kito, wannan kuma ya fi tsanani.

Dabarar ta daɗe. Tun a 1863 wani mutumin Landan mai suna William Banting ya wallafa wata 'yar ƙasida kan yadda ya rage ƙiba bayan ya bar burodi, sukari da dankali. A 1972 kuma likitan nan ɗan Amurka, Robert Atkins, ya sake yayata ta.

Tunda kalorinsu ɗaya ne da sitaci, me ya sa ake fifita furotin?

Saboda yunwa. Yawancin masu rage ƙiba sun san abin da ya kamata su ci, yunwar tsakar rana da ta cikin dare ce ke kayar da su. Furotin ya fi sitaci riƙe ciki. Idan ya isa hanji, jiki na fitar da sinadarai irin su GLP-1 da PYY da ke shaida wa ƙwaƙwalwa cewa an ƙoshi, sinadarin girelin mai tayar da yunwa kuma ya yi ƙasa. Gwada da kanka: wata safiya ka karya da burodi da shayi mai sukari, wata safiyar ka karya da dafaffen ƙwai biyu da yogot marar sukari, ka duba agogo ka ga ƙarfe nawa cikinka ya fara ƙugi a kowace rana.

Bayan wannan, narkar da furotin kansa aiki ne mai cin kuzari. Jiki na ƙona kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari na kalorin furotin wajen sarrafa shi, alhali na kabohaidiret kashi 5 zuwa 10 ne, na mai kuma bai wuce kashi 3 ba.

Amma abin da ya fi damuna, wanda ba a cika faɗa wa mutane ba, shi ne tsoka. Duk wanda ya rage cin abinci, jikinsa na cin kitse, yana kuma cin tsoka tare da shi. Shi ya sa za ka ga mutum ya rame amma ya yi yaushi, hawa bene ma sai da haki. Isasshen furotin tare da motsa jiki mai sa tsoka aiki, kamar ɗaga nauyi ko tsuguno da tashi, shi ke sa mafi yawan abin da ya tafi ya zama kitse.

Giram nawa ya kamata in ci a rana?

Mafi ƙarancin abin da babban mutum ke buƙata shi ne giram 0.8 a kan kowane kilo na nauyinsa. Ga mai rage ƙiba, ana yawan ba da shawarar giram 1.2 zuwa 1.6. Mai nauyin kilo 80 ke nan zai nemi giram 96 zuwa 128 a rana. Wanda ƙibarsa ta yi yawa sosai, gara ya yi lissafin da nauyin da yake son komawa.

A raba shi gida uku ya fi a tara shi da daddare: kamar giram 30 a kowane cin abinci, sauran a cike da ɗan abin taɓawa. Ga yadda adadin yake a zahiri. Babban ƙwai ɗaya yana da kusan giram 6. Giram 100 na dafaffiyar tsokar ƙirjin kaza yana da kusan giram 31. Kifi dafaffe na wannan nauyin yana tsakanin 20 da 25. Yogot mai kauri da aka tace, wanda ake kira na Girka, yana da kusan giram 10 a cikin 100. Idan ba ka da sikelin kicin, yankan nama ko kifi mai faɗi da kaurin tafin hannunka, ban da yatsu, ya kai kusan giram 100.

To me zan dafa?

Da safe, yanka albasa da tattasai da alayyahu, ka zuba ƙaramin cokali ɗaya na mai a kasko. Idan ganyen ya kwanta, ruwansa ya tsotse, sai ka fasa ƙwai biyu a kai, ka rage wuta ka rufe har saman ya daina sheƙi. Haɗa da kofi ɗaya na yogot mai kauri marar sukari, ka haura giram 30 ke nan tun rana ba ta yi ba.

Da rana, gasasshiyar kaza da aka cire wa fata, wadda ta sha tafarnuwa da citta da lemon tsami, a kan kabeji da kokwamba da tumatir. Idan ranka na son shinkafa, zuba kamar dunƙulen hannunka a gefe. Kofi ɗaya na dafaffiyar farar shinkafa yana da kusan giram 45 na kabohaidiret, rabinsa kuwa ba zai ɓata lissafin yini ba.

Da daddare, farfesun kifi da kayan lambu, ko awara da aka yayyanka aka juya a kasko da kabeji da koren wake. Ranar da gajiya ta hana girki, buɗe gwangwanin sadin ko tuna, tsiyaye man, ka cakuɗa da albasa da tumatir da ruwan lemon tsami, ka ci da ganyen latas.

Abu guda da ke ceton mutum shi ne tanadi. Dafa ƙwai shida a lokaci ɗaya, a gasa kaza ta kwana biyu ko uku a sa a firij. Yunwa ba ta jiran a yanka albasa, abin da hannu ya fara kaiwa shi ake ci.

Wake fa? Na ji an ce shi ma sitaci ne.

Yana da duka biyun. A giram 100 na dafaffen wake akwai furotin kusan giram 8 ko 9, da kabohaidiret sama da 20. Masu tsananin kito suna guje masa, ni kuwa ba na goyon bayan a bar shi. Sitacinsa na tafe da faiba, wato ɓangaren tsirrai da ciki ba ya narkarwa, wanda ke sa sukari ya shiga jini a hankali, ya kuma ƙosar. A ci shi a madadin shinkafa ko burodi. Ga wanda ba ya cin nama, wake da awara da yogot da ƙwai su ne ginshiƙinsa.

Na rage kilo biyu a makon farko, daga nan sikeli ya tsaya. Me ya faru?

Mafi yawan abin da ya tafi ruwa ne. Jiki na ajiye sukari a hanta da tsoka a matsayin gilaikojin, kusan giram 400 zuwa 500, kuma kowane giram na riƙe da ruwa kusan giram 3. Da ka rage sitaci sai ajiyar ta ragu, ruwan ya fita ta fitsari. Haka kuma ranar da ka ci taliya ka wayi gari sikeli ya haura da kilo guda, ruwan ne ya dawo, kada ranka ya ɓaci. Kitse a hankali yake tafiya. Rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako tafiya ce mai kyau.

Ke nan rage sitaci ya fi kowace hanya?

A'a. A 2018 masu bincike na Jami'ar Stanford ƙarƙashin Christopher Gardner sun fitar da sakamakon gwajin da suka yi wa mutum 609 na tsawon wata 12. An raba su biyu, wasu sun rage kabohaidiret, wasu sun rage mai. Na farko sun rage kimanin kilo 6, na biyu kimanin kilo 5.3, bambancin da bai taka kara ya karya ba. Duka ɓangarorin an umarce su da rage sukari da tataccen gari, su yawaita kayan lambu. A cikin kowane rukuni akwai wanda ya rage da yawa, akwai ma wanda ya ƙara nauyi. Nauyi na sauka ne idan abin da ake ci ya gaza abin da jiki ke ƙonawa. Rage sitaci hanya ce ta kai wa ga hakan ba tare da azabar yunwa ba, ga wanda ta dace da cikinsa da rayuwarsa.

Wane kuskure aka fi yi?

Mai. Mutum zai bar burodi ya koma soya komai, ya manta babban cokali ɗaya na mai yana da kalori kusan 120. Gyaɗa ma haka: giram 100 na da furotin kusan 25, amma kalorinsa ya haura 550, kuma ana iya cinye wannan ana hira ba a ankara ba. Cikin tafin hannu ɗaya ya isa.

Sai yogot mai zaƙi. Juya robar ka karanta bayanta, wani sukarinsa ya kusa na lemon kwalba. Sai kuma dogaro da sosej da sauran naman da aka sarrafa, masu tarin gishiri. A 2015 hukumar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya irin wannan nama cikin abubuwan da ke haddasa cutar daji, musamman ta babban hanji. Mantawa da ganye kuma na jawo taurin bayan gida. Babban mutum na buƙatar aƙalla giram 25 na faiba a rana, da isasshen ruwan sha.

Akwai wanda bai kamata ya fara da kansa ba?

Akwai, kuma ina roƙon a ɗauki wannan da muhimmanci. Mai ciwon ƙoda kada ya ƙara furotin sai da izinin likitansa, domin ƙoda ce ke tace dattin da narkewar furotin ke bari a jini. Mai ciwon sukari da ke allurar insulin ko shan ƙwayoyi irin su gilibenkilamaid, idan ya yanke sitaci kwatsam alhali maganinsa na nan yadda yake, sukarinsa na iya faɗuwa har ya kai shi ga suma. Masu shan magungunan da ke fitar da sukari ta fitsari, rukunin SGLT2, tsananin rage sitaci na iya sa jininsu ya yi tsami, abin da ke kai wa ga gadon asibiti. Mai shan maganin hawan jini ma ya sanar da likita, don jinin kan sauka yayin da nauyi ke raguwa, ƙila a rage masa maganin. Mai juna biyu, mai shayarwa, yaro mai tasowa, da wanda ya taɓa fama da matsalar ƙin cin abinci, su fara zuwa wurin likita ko masanin abinci kafin su canza komai a farantinsu.