Waiwaye: Wolbachia da tsutsotsin tundurmi, zaman da ya kai ga gado

A 1924 ne Marshall Hertig da Burt Wolbach suka ga wata bakteriya a jikin sauro, a 1936 Hertig ya raɗa mata suna Wolbachia. A shekarun 1970 masu bincike suka hango irinta a ƙwayoyin jikin tsutsotsin filariya, dangin masu haddasa tundurmi da makantar kogi, amma maganar ta kwanta. Sai a 1995 gwajin DNA a tsutsar zuciyar kare ya tabbatar Wolbachia ce.

A jikin tsutsa tana zama ne a jijiyoyi biyu da ke bin gefen jiki ƙarƙashin fata, da kuma cikin ƙwan mace. Ta nan uwa ke gadar wa 'ya'yanta ita.

Dalilin wannan zama ya fito fili da aka karance DNA ɗin Wolbachiar tsutsar Brugia malayi, ɗaya daga cikin masu haddasa tundurmi, a 2005, sannan na tsutsar kanta a 2007. Na bakteriyar ɗan ƙarami ne, harufa miliyan 1.08 da ƙwayoyin gado kusan 800, ta kuma zubar da hanyoyin haɗa yawancin tubalan furotin, don haka daga tsutsa take samu. Amma ta riƙe hanyoyin haɗa bitamin B2, da tubalan DNA, da sinadarin heme mai riƙe ƙarfe. Ita kuwa tsutsa ba ta da cikakkiyar hanyar haɗa heme. A nan ya kamata a yi hattara: taswirar gado tana nuna abin da kowa zai iya haɗawa ne, ba ta isa hujjar abin da ke ƙetarawa tsakaninsu ba. Ga tsutsar Loa loa, ita ma 'yar dangin filariya ce, ba Wolbachia a jikinta, tana kuma rayuwarta lafiya lau.

A 2007 ɗin dai aka nuna cewa gutsattsarin DNA na Wolbachia sun shige cikin gadon tsutsa, galibinsu lalatattu ne ba sa aiki. A 2010 aka same su a wasu tsutsotsin filariya biyu, Onchocerca flexuosa da Acanthocheilonema viteae, waɗanda ba su da bakteriyar a yau, alamar kakanninsu sun taɓa ɗaukarta. Gutsattsarin nan na rikita aiki ta hanya biyu. Manhajar tace bayanai takan ɗauke su a matsayin gurɓata ta share su. Gwajin PCR kuma, mai neman wani gutsiren DNA, zai iya kama gutsiren da ke jikin tsutsa ya nuna akwai Wolbachia alhali magani ya kashe ta, shi ya sa dole a zaɓi gurbin DNA ɗin bakteriyar da aka tabbatar bai ƙaura cikin na tsutsa ba.

Amfanin ilimin ya bayyana a Gana a 2000, inda doksisaikilin, maganin da ke kashe Wolbachia, miligiram 100 kullum na mako 6 ya hana matan tsutsar makantar kogi haihuwa. Idan Wolbachia ta ragu da fiye da kashi 90 cikin 100, ƙwai da 'yan tayin tsutsa sukan mutu, manya su biyo baya a hankali. Aibamektin kuwa, maganin da aka saba bayarwa, ƙananan yake kashewa, ya bar manya. Cikas ɗin doksisaikilin shi ne tsawon kwanakin shansa, ga shi ba a ba mai juna biyu ko yaro ƙasa da shekara 8. Wannan ya sa aka kafa shirin yaƙi da Wolbachia mai suna A-WOL a Libaful ta Ingila a 2007, don neman maganin da zai gama aikin cikin mako guda ko ƙasa da haka.