Gasar Larduna ta Ailan da Yunƙurin Farfaɗo da Ita

Gasar larduna, wadda aka fi sani da Railway Cup, wato Kofin Jirgin Ƙasa, gasa ce ta ƙwallon Gelik da wasan hurling tsakanin lardunan tsibirin Ailan guda huɗu: Leinster, Munster, Connacht da Ulster. Ƙungiyar wasannin gargajiyar Ailan, GAA (Gaelic Athletic Association), ce ke shirya ta. An soma ta a 1927, ta yi tashe a shekarun 1950, daga nan 'yan kallo suka riƙa janye jiki har aka daina buga ta bayan 2016. A 2024 an sake ɗaga ɓangaren ƙwallonta na kwana biyu.

Wasannin da tsarinsu

An kafa GAA ranar 1 ga Nuwamba 1884 a garin Thurles domin raya wasannin gargajiyar Ailan. Har yau 'yan wasanta ba su karɓar albashi. Ƙwallon Gelik da hurling duk mutum 15 ne ke buga su a kowane ɓangare. Idan ƙwallo ta shiga raga maki uku ne, idan ta bi ta saman sandar raga tsakanin dogayen ƙarafa biyu maki ɗaya. A ƙwallon Gelik ana bugu da ƙafa ana kuma kamawa da hannu. A hurling kuwa da sanda mai faffaɗan kai ake dukan 'yar ƙaramar ƙwallon fata.

Ɗan wasa yana farawa ne daga kulob ɗin unguwarsu ko ƙauyensu. In ya yi fice sai a kira shi tawagar gunduma. Gundumomi 32 ne a tsibirin: 12 a Leinster, 9 a Ulster, 6 a Munster, 5 a Connacht. Shida daga cikin na Ulster suna Ailan ta Arewa, ƙarƙashin Birtaniya, amma GAA ba ta raba su da sauran ba. Tawagar lardi ita ce zaɓaɓɓun 'yan wasan gundumomin lardin.

Zamanin tashe

Kamfanin jirgin ƙasa na Great Southern Railways ne ya ba da kofunan. An buga wasannin ƙarshe na farko ranar 17 ga Maris 1927, Munster ta ɗauki kofin ƙwallo, Leinster ta ɗauki na hurling. Wannan rana ita ce ranar tunawa da Waliyyi Patrick, babban hutun ƙasar, kuma shekaru da dama ita ce ranar gasar a filin Croke Park na Dublin. A 1954 mutum 49,023 suka shiga kallon wasannin ƙarshe, adadin da ba a sake kaiwa ba.

Dalilin cikowar a fili yake. Babu talbijin na ƙasa a lokacin, gasar gundumomi kuma ta sili-ɗaya-ƙwale ce: wanda aka doke sau ɗaya ya gama sai baɗi. Gwanin da aka haifa a ƙaramar gunduma yakan buga babban wasa ɗaya tak a shekara, mutane su ji sunansa a rediyo ba su taɓa ganinsa ba. Gasar larduna ce ke kai shi Croke Park. Packie McGarty na Leitrim da Mickey Kearins na Sligo ba su taɓa cin kofin gundumomi na duk Ailan ba, amma sun ɗaga kofin larduna da rigar Connacht. Ga irin waɗannan, lambar Railway Cup ita ce babbar shaidar da suka bari.

Manya ma sun ɗauke ta da daraja. Christy Ring na Cork ya ci kofin hurling sau 18 da Munster. Des Foley na Dublin ya ci kofuna biyun a rana ɗaya a 1962 da Leinster. Munster ce ta mamaye hurling da nasara sama da 40. Connacht ta fara ci a 1947 da tawagar da 'yan Galway suka cika, Ulster kuwa ba ta taɓa cin na hurling ba. A ƙwallo sai abin ya juya: Ulster, wadda sai 1942 ta fara ɗaukar kofin, ita ce ta fi kowa yawan nasara, kuma ita ta fi riƙe gasar da gaske har ƙarshe.

Yadda ta dushe

A ranar da Foley ya yi bajintarsa, 17 ga Maris 1962, gidan talbijin na ƙasa ya nuna wasannin kai tsaye, karon farko da ya yi wa wasannin GAA haka. Daga nan abin da gasar ke sayarwa ya fara araha, domin mai son ganin gwanaye yana iya ganinsu daga kujerar ɗakinsa.

Babbar kishiyar ta fito ne daga cikin gida. A kakar 1970 zuwa 1971 aka soma gasar kulob-kulob ta duk Ailan, kuma a tsakiyar shekarun 1980 wasanninta na ƙarshe suka karɓe ranar Waliyyi Patrick a Croke Park. Kulob yana da ƙauye a bayansa, da dangi da maƙwabta da malaman makaranta. Gunduma tana da tuta da tsohuwar gaba da maƙwabciyarta. Lardi ba shi da ko ɗaya. Mutumin Cork da ya tashi da adawa da Kerry ba zai yi tattaki don ya tafa wa ɗan Kerry ba don kawai sun sa riga iri ɗaya ta Munster. Lambar yabo ta All Stars da aka fara a 1971 ita ma ta ba gwanayen ƙananan gundumomi wata hanyar samun suna. Daga baya, da aka buɗe wa waɗanda aka doke damar sake komawa gasar gundumomi, a hurling daga 1997, a ƙwallo daga 2001, wasanni suka ƙaru, masu horarwa suka daina sakin 'yan wasansu cikin daɗin rai.

Da ta rasa ranarta sai gasar ta zama marar mazauni. An buga ta a kaka, an buga ta a farkon shekara, an kai ta ƙananan filaye. A 1990 ba a yi ta ba. Wasu wasannin 'yan kallonsu ba su wuce ɗaruruwa ba.

Yunƙurin farfaɗowa

Yunƙuri mafi tsawo shi ne na ɗan kasuwa Martin Donnelly, mutumin gundumar Clare, wanda ya ɗauki nauyin gasar a farkon shekarun 2000. A zamaninsa aka riƙa kai wasannin ƙarshe ƙasashen waje: Roma a 2003, Paris a 2004, daga baya Boston, sannan Abu Dabi da Landan a 2009. Manufar ita ce a saka wa 'yan wasa da tafiya, a kuma kai wasan ga 'yan Ailan mazauna ƙetare. 'Yan wasa sun ji daɗin tafiyar, su ne ma suka fi kare gasar a duk lokacin da aka yi maganar soke ta. Sai dai wasan da aka buga a Abu Dabi ba ya jawo ɗan kallo a gida.

Ba a yi gasar a 2010 da 2011 ba. Ta dawo a 2012. A Disamba 2015 guguwa da ruwan sama suka sa aka soke ta. A 2016 Ulster ta ci ƙwallo, Munster ta ci hurling, daga nan aka cire gasar daga jadawali. Duk waɗannan gyare-gyare wuri da lokaci suka taɓa, ba su ba ɗan kallo dalilin damuwa da wanda ya ci ba.

Dawowar 2024 ta zo ta wata hanya. Ƙorafi ya yi yawa cewa ƙwallon Gelik ta zama ta tare gida da yawo da ƙwallo a baya. Shugaban GAA Jarlath Burns ya kafa kwamitin gyaran dokoki ƙarƙashin Jim Gavin, tsohon mai horar da Dublin. Kwamitin yana buƙatar wasannin gwaji da ƙwararru, sai aka tara larduna huɗu a Croke Park ranakun 18 da 19 ga Oktoba, gidajen talbijin na TG4 da RTÉ suka nuna. An gwada maki biyu ga bugun da ya fito daga bayan layin mita 40, da wajabcin barin mutum uku a ɓangaren abokan hamayya, da bai wa raga maki huɗu. A wasan ƙarshe Ulster ta doke Connacht a bugun fenariti. Babban taron GAA na musamman ya amince da yawancin dokokin a ƙarshen Nuwamba, aka fara aiki da su a 2025, amma raga ta tsaya a maki uku.

An yi maganar waɗannan wasanni fiye da yadda aka yi wa gasar larduna cikin shekaru masu yawa, sai dai dokokin ake tattaunawa, ba kofin ba. Hurling bai shiga shirin ba. Tun 2020 an mayar da wasannin ƙarshe na kulob-kulob watan Janairu, ranar 17 ga Maris ta fita daga hannunsu, amma GAA ba ta mayar wa larduna ita ba.