XSLT ba kwalliya ba ce

Tun da Google ya sanar a 2025 cewa zai cire XSLT, yaren da ke sauya fayil ɗin XML zuwa wata siffa kamar shafin intanet, daga burauzar Chrome, kalmar ta shiga bakin kowa, har da waɗanda ba su taɓa buɗe fayil ɗin XML ba, wato fayil mai ɗauke da bayanai a jere cikin alamomi. Wasu na cewa an kashe RSS ke nan, wato fayil ɗin XML da shafuka ke jera sababbin labaransu a ciki. RSS na nan daram, domin manhajojin karanta labarai kai tsaye suke ɗauko XML, ba ruwansu da XSLT. Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne masu cewa wai irin CSS ne, na ƙawata shafi.

Sunan ne ya jawo. Harafin S ɗin daga stylesheet yake, wato takardar salo, sai aka manta da T na ƙarshe, wanda ke nufin sauya siffa. CSS tana tarar da shafi a tsaye ta shafa masa launi. XSLT kuwa karanta fayil yake yi, ya gina wani sabo tun daga tushe.

Ga inda wannan ruɗani ke cinye wa mutum yini guda. Ka rubuta XSLT don RSS 2.0, inda kowane labari ke cikin item, komai ya fito tsaf. Sai aka ba ka Atom, wani tsarin jera labarai mai kama da RSS, inda labari ke cikin entry. Ka sauya item zuwa entry a XSLT ɗinka, ka sabunta shafi, sai ga kanun labari da kwanan wata da sunan marubuci a cunkushe wuri guda, mahaɗan duk sun ɓace, kuma babu saƙon kuskure ko ɗaya. Mai ganin abin kwalliya ne zai koma yana taɓa CSS, alhali matsalar ba ta can. Atom, wanda aka tabbatar a 2005, ya rataya duk sunayensa ga adireshin http://www.w3.org/2005/Atom, shi kuwa item na RSS 2.0 ba a rataya shi ga komai ba. A XSLT 1.0, in ka rubuta entry zalla, wanda ba shi da rataya kake kira, don haka ba wanda zai amsa. In ba a amsa ba, ƙa'idar da aka gina a cikin XSLT sai ta kutsa ta zazzage duk rubutun da ta tarar. Maganin shi ne ka ayyana xmlns:atom da wancan adireshin a saman takardar XSLT ɗin, sannan ka rubuta atom:entry da atom:title a kowane mataki, kada ka tsallake ko ɗaya.

Siga ta 2.0 ta XSLT ta sauƙaƙa wannan tun 2007, ta 3.0 ta biyo a 2017, amma burauzoji sun tsaya a kan ta 1.0 ta 1999. An yi watsi da abu shekara da shekaru, yanzu ana kukan ya tsufa, kuma wannan yana min ciwo. Mai shafin labarai dai zai iya gudanar da XSLT ɗinsa a sabar, ya aika wa burauza HTML gamamme.