Waiwaye: Tun yaushe Bahaushen Legas ya daina yarda da jarida?

A teburin mai shayin da nake zama a Agege, daf da layin dogo, akwai wani dattijo ɗan kasuwar goro da ba ya karɓar labari sai ya ji asalinsa. Yaro zai ɗago waya ya ce, "Baba, ka ji abin da ya faru a Abuja?" Sai ya ajiye kofi ya ce, "Wa ya faɗa?" In an ce jarida ce, sai ya ƙara da cewa, "Jaridar wa?" Bai yi boko ba, amma wannan tambaya tasa ta biyu ta haura shekara saba'in a bakin Hausawan Ikko, kuma ba haka kawai ta samo asali ba.

Manyan jaridun ƙasar nan a Kudu aka haife su. Daily Times ta fara fita a Legas a 1926. Nnamdi Azikiwe ya kafa West African Pilot a 1937, Obafemi Awolowo kuma ya kafa Tribune a Ibadan a 1949. Waɗannan biyun sun gasa wa Turawan mulki aya a hannu, wannan ba mai ƙwace musu. Sai dai kowacce da ubangidanta da jam'iyyarsa, kuma alƙalamin da ya soki Bature shi ake juyawa a soki abokin hamayya. Arewa tana da Gaskiya Ta Fi Kwabo tun 1939 a Zariya, Abubakar Imam yana editanta, amma muryarta ba ta isa inda ake yanke shawarar ƙasa da Turanci ba.

Tabon da ya fi zurfi na 1953 ne. A ƙarshen watan Maris, Anthony Enahoro ya kawo ƙudurin neman mulkin kai a 1956 a majalisar wakilai da ke Legas. Sardauna Ahmadu Bello ya nemi a sauya shekarar da "da zarar hali ya yi", domin yana ganin Arewa ba ta da isassun ma'aikata 'yan boko da za su riƙe ta. Da wakilan Arewa suka fito, aka bi su da ihu da zagi a titi, jaridu kuma suka mai da su 'yan amshin shatar Turawa. Ba a yi wata biyu ba rikici ya ɓarke a Kano, lokacin da tawagar jam'iyyar AG ta Awolowo ta je yaɗa manufarta, aka rasa rayuka. Shugabannin Arewa sun koma gida da yaƙinin cewa wanda ba shi da jarida, wani ne zai ba da labarinsa. New Nigerian ta fara fita a Kaduna ranar 1 ga Janairu 1966, mako biyu kafin a kashe Sardauna.

Daga nan soja suka shigo da nasu salon. A 1975 gwamnatin Murtala ta karɓe kashi 60 na Daily Times, ta kuma karɓe New Nigerian ɗungurungum. Mai karatu ya koyi cewa jaridar gwamnati abin da gwamnati take so shi take faɗa.

A nan dole in yi adalci, domin 'yan jaridar Legas sun sha wuya a kan gaskiya. Dokar soja mai lamba 4 ta 1984 ta kai Tunde Thompson da Nduka Irabor na The Guardian gidan yari. An kashe Dele Giwa na Newswatch da bam a cikin ambulan a gidansa na Ikeja ranar 19 ga Oktoba 1986. Zamanin Abacha, mujallu irin su Tell da TheNews a ɓoye ake buga su, kuma wakilin TheNews a Kaduna, Bagauda Kaltho, ɗan Arewa, ya ɓace bai dawo ba. Amma bayan soke zaɓen 12 ga Yuni 1993, fushin da ake yi da janar-janar ya malalo kan ƙabila. Aka riƙa rubuta "Hausa-Fulani" kamar sunan mutum guda mai riƙe da wuyan ƙasa. Mai ga-ruwa a Mushin da mai gadi a Surulere ba su taɓa ganin ƙofar barikin Dodan, tsohuwar fadar shugabannin soja, ba, amma su ne kusa, su aka harara.

Shekarun da suka fi ci wa mutanenmu rai su ne na farkon mulkin farar hula. Rikicin ƙabilanci tsakanin Hausawa da Yarbawa ne ya yi ta ɓarkewa: Shagamu a Yulin 1999, Ketu da kasuwar Mile 12 a Nuwamban shekarar, Ajegunle a Oktoban 2000, Idi-Araba a Fabrairun 2002. Duk wanda ya zauna a Legas a lokacin ya san yadda ake yi. Ɗan jarida zai iso bayan ƙura ta lafa, ba ya jin Hausa, waɗanda aka ƙona wa rumfa kuma ba sa jin Turanci. Sai ya ɗauki maganar 'yan sanda da ta wanda ya iya yarensa, ya koma ofis. Washegari a wurin mai sayar da jarida, inda masu karatun kyauta ke cincirindo, sai ka ga labarin unguwarku ka kasa gane ta. Ban ce duk da gangan ake yi ba. Sau da yawa rashin tafinta ne da gaggawar buga jarida. Amma wanda ya binne ɗan'uwansa jiya ba ya bambance ganganci da sakaci. Ga kuma rubutun da ThisDay ta buga a Nuwamban 2002 kan gasar sarauniyar kyau, wanda ya taɓa martabar Annabi (SAW), aka rasa mutum fiye da 200 a Kaduna. Jaridar ta nemi gafara, amma mutane da yawa a nan suka rufe littafinsu da ita da ire-irenta.

Shi ya sa rediyo ta zama abar dogaro. Sashen Hausa na BBC tun 1957 yake, na Jamus tun 1963, Muryar Amurka tun 1979, Faransa kuma ta buɗe nata a 2007 a nan cikin Legas. Na sha ganin mutane sun kewaye ƙaramar rediyo da ƙarfe takwas da rabi na dare don su ji abin da ya faru layi uku da inda suke zaune. Labarin sai ya je Landan ya dawo da Hausa kafin a gaskata shi.

Akwai kuma batun na goro. Ɗan jaridar da ya yi watanni ba albashi, ambulan ɗin da aka miƙa masa bayan taron manema labarai shi ne abincin gidansa, kuma wanda ya miƙa ya san abin da ya saya. 'Yan kasuwarmu sun ga ana yi, wasunsu ma sun bayar. Da wuya ka gamsar da su cewa akwai labarin da ba a biya ba.

Yau Arewa ba ta rasa baki ba. Weekly Trust ta fito a 1998, Daily Trust a 2001, Aminiya a 2006, Freedom Radio ta buɗe a Kano a 2003. Sai dai hankalinsu yana Abuja da Kano da Kaduna, Bahaushen Legas ya zama ɗan rakiya a can da nan. Da gwamnatin jihar ta hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida daga 1 ga Yuni 2022, an ji bakin jami'ai da na masu motoci sosai, amma yaron da aka niƙe masa babur ɗin bashi ba kasafai aka tambaye shi ba. Rashin yardar ma ya daina zama namu mu kaɗai. Washegarin harbin masu zanga-zangar EndSARS a Lekki na 20 ga Oktoba 2020, matasa sun cinna wa gidan talabijin na TVC wuta, bayan 'yan kwanaki kuma hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin ta ci Channels da AIT da Arise tarar naira miliyan 3 kowacce kan yadda suka ba da rahoton zanga-zangar.

Abin da ke hana ni barci shi ne inda wannan shakka ta kai mu. Mutumin da ya ƙi jarida mai suna da ofis da editan da za a iya kai wa ƙara, shi ne yake karɓar saƙon murya a WhatsApp daga wanda bai san ko waye ba, don kawai da Hausa aka yi kuma an fara da sallama. A ɗauko tsohon bidiyo a ce yanzu-yanzu ake kashe 'yan Arewa a Legas, kafin azahar uwa tana kira daga Kano tana kuka. Mu da muka san cewa rikicin Shagamu a Kano aka rama shi cikin 'yan kwanaki, bai kamata mu tura irin wannan ba sai mun tabbatar.

Kwanan baya irin wannan bidiyon ya iso teburin mai shayi, an ce Mile 12 ce ta kama. Dattijon ya ce, "Wa ya faɗa?" Yaron ya ce, "Baba, a guruf aka turo." Sai ya zaro 'yar wayarsa mai madannai, ya kira wani ɗan garinsu mai sayar da tumatir a kasuwar, ya sa a amsa-kuwwa. Muna jin hayaniyar masu sauke kwanduna, mutumin ya ce lafiya ƙalau, yanzu ma motar Kano ta shigo.