Zagi, Ɓata Suna da Ƙazafi: Yadda Doka Ta Raba Su a Arewacin Najeriya

A maganar yau da kullum, duk kalmar da ta taɓa mutuncin mutum akan kira ta zagi ko cin mutunci, amma idan magana ta kai gaban alƙali, kowace irin baƙar magana tana da sunanta da sharuɗɗanta da hukuncinta. Abin da doka ta fi dubawa shi ne abin da maganar ta jingina wa wanda aka yi wa ita, da kuma abin da za ta iya haifarwa, domin zafin kalma shi kaɗai ba ya nuna girman laifi.

Zagi tsagwaronsa, wato ashar da gori da kiran mutum da munanan sunaye, yana ƙarƙashin sashe na 399 na Final Kod, wato kundin dokokin hukunta laifuka, wanda ya fara aiki a Jihar Arewa a shekarar 1960. Sashen ya hukunta wanda ya zagi wani da gangan ta hanyar da za ta iya tunzura shi ya ta da husuma, kuma hukuncin yana iya kaiwa ɗaurin shekara 2 ko tara ko duka biyun. Wasu jihohi, irin su Kaduna, sun sabunta kundinsu, saboda haka lambobin sassan sun canza a can.

Ɓata suna kuwa, wanda sashe na 391 ya bayyana, ya fi zagi zurfi, domin a nan mai magana yana jingina wa mutum wani aiki ko hali ne a gaban wasu, alhali yana nufin zubar da ƙimarsa ko ya san maganar za ta zubar da ita. Wanda ya ce wa ɗan kasuwa wawa ya zage shi, amma wanda ya shaida wa jama'a cewa ɗan kasuwar yana tauye mudu ya ɗora masa zargin da za a iya tabbatarwa ko a ƙaryata, kuma wannan shi ne ɓata suna. Sashe na 392 ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 2 ko tara ko duka biyun. Sai dai dokar ta ware wasu maganganu da ba laifi ba ne, kuma mutane da yawa ba su san su ba. Faɗin gaskiyar da bayyana ta ke da amfani ga jama'a ba ɓata suna ba ne, haka nan bayyana ra'ayi da kyakkyawar niyya game da yadda ma'aikacin gwamnati yake gudanar da aikinsa. A lura cewa gaskiya ita kaɗai ba ta wanke mutum a wannan kundi, sai an haɗa ta da amfanin jama'a, don haka tonon asirin da ya shafi cikin gidan wani yana iya zama laifi ko da abin ya faru.

Ƙazafi shi ne mafi nauyi a jihohin da ke aiki da dokokin shari'ar Musulunci, waɗanda Zamfara ta fara aiwatarwa a shekarar 2000. Ko da yake jama'a suna kiran kowane sharri ƙazafi, a fiƙihu kalmar ta taƙaita ga jifan kamilin mutum da zina ko luwaɗi, ko kore shi daga mahaifinsa. Aya ta 4 a Suratun Nur ta yanke bulala 80 ga wanda ya yi jifan bai kawo shaidu 4 ba, tare da daina karɓar shaidarsa. Mazhabar Malikiyya, wadda kotunanmu ke bi, ta tsananta har ta ɗauki habaici a matsayin ƙazafi idan ma'anarsa ta fito fili, kamar mutum ya ce wa abokin faɗansa, "Ni dai an san ubana." A nan ne kalmomi irin su shege da karuwa, waɗanda suka yi araha a bakin mutane, suke iya jefa mai faɗinsu cikin haddi, ko da yake alƙali yakan duba al'ada da yanayin da aka furta su kafin ya yanke hukunci.

A intanet, sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 ya taɓa sanya ɗaurin shekara 3 ko tarar naira miliyan 7 a kan saƙon da aka aika don zagi ko ɓata rai. Kotun ECOWAS ta ce sashen ya saɓa wa 'yancin faɗin albarkacin baki, kuma gyaran da aka yi masa a 2024 ya cire zagi, ya bar batsa da ƙaryar da aka yaɗa don wargaza doka da oda ko barazana ga rai. Wannan gyara bai taɓa Final Kod ba, saboda haka abin da aka rubuta a Facebook ko aka faɗa a TikTok yana nan ƙarƙashin sashe na 391.

Abin da ya fi damuna shi ne waɗanda suka fi cin moriyar wannan sashe. A watan Nuwamba na 2022, wata kotun majistare a Kano ta yanke wa wasu matasa biyu masu barkwanci a TikTok bulala 20 da tara da sharar harabar kotu na kwana 30 saboda ɓata sunan gwamnan lokacin, Abdullahi Ganduje. Dokar da ta keɓe sukar aikin mai riƙe da muƙami ita ce masu muƙaman suke tura 'yan sanda da ita, yayin da talakan da aka ɓata wa suna a unguwa ba kasafai yake samun mai sauraronsa ba. Jihar Legas ta cire ɓata suna daga jerin laifukan da hukuma ke hukuntawa tun 2011, ta bar wanda aka zalunta ya shigar da ƙarar neman diyya, kuma a ganina ya kamata majalisun jihohin Arewa su yi wa sashe na 391 irin wannan gyara, aƙalla a ƙararrakin da masu mulki ke shigarwa a kan masu sukarsu.