Yaro Ba Ya Rainon Yaro

Duk yaron da aka shigo min da shi a guje, ko jini ne, ko ƙuna, ko daga ruwa aka tsamo shi, idan na gama abin da zan iya sai in juya wajen uwar in yi mata tambaya ɗaya: wa ke tare da shi lokacin da abin ya faru? Amsar kam har na haddace ta. "Yayarsa ce, Malama." In ce ina yayar? Sai a nuna min wata 'yar mitsitsiyar yarinya raɓe a bakin ƙofa, ido ya yi jawur, shatin yatsu a kumatu. Shekararta nawa? Bakwai. Wani lokacin ma shida.

Na daɗe ina aiki a ƙaramin asibitin unguwa a nan Kano, kuma wallahi na gaji da jin wannan amsar. "Ki riƙe ƙanenki ku je ku dawo." Kalma ce mai sauƙi a baki, mu kuma a nan muke ganin inda take ƙarewa.

Kada a je a ce Malama ta hana yara fita. Ban hana ba. Yaron da aka kulle a ɗaki da waya a hannu daga safe zuwa dare shi ma tausayinsa nake ji. Ɗan shekara biyu yana buƙatar ya taka ƙasa, ya ga awaki, ya raka ki kai markaɗe, ya je gidan kakarsa ya durƙusa ya gaishe ta. A irin wannan fitar bakinsa yake buɗewa, ya san sunan abubuwa, ya san mutanen layinsu. Ba sai an kashe ko sisi ba. Abin da nake roƙo ɗaya ne: ya zama hannun da ke riƙe da shi hannun babba ne.

Na san abin da za a ce, don an sha faɗa min a fuskata: ai mu ma haka aka raine mu. Gaskiya ne. Ni kaina na goya ƙannena tun zani yana ja min a ƙasa. Amma lungunmu a wancan lokacin me ke wucewa ta cikinsa? Keke, jaki, sai mai kurar ruwa. Yau ki tsaya a ƙofar gidanki minti biyar ki ƙirga babura da A Daidaita Sahu da za su gifta. 'Yar shekara bakwai ba ta iya auna gudun abin hawa ko ita kaɗai ce, balle da yaro a kafaɗa da robar markaɗe a ka. Sannan waɗanda rainon yara ya ci a zamaninmu ba sa nan balle su ba da nasu labarin. Mu da muka tsira mu ne muke ta cewa ba a yi komai ba.

Damina ce ta fi tayar min da hankali. Kowa ya san kududdufan garin nan, ramukan da aka haƙa tun tuni ana ɗibar ƙasar gini. Da Agusta ta kama sun cika sun batse, bakinsu ya yi santsi. Yara manya su tafi kamun talibambam, ko wanka, ko kallon masu wanka, ƙananan na biye da su saboda an ce a riƙe su. Yayar ta ajiye shi a gefe, ta ce zauna nan ina zuwa. Wane ɗan shekara biyu ne aka taɓa ce wa zauna nan ya zauna?

Ku saurare ni da kyau, 'yan'uwana mata. Yaro ƙarami idan yana nitsewa ba ya ihu. Ba ya kiran Umma, ba ya fantsama ruwa yadda kuke zato. Shiru kawai, ƙiftawa da bismillah. Kuma ba sai kududdufi ba. Bahon da kika jiƙa wanki, bokitin da aka tara ruwan indararo, rijiyar tsakar gida da aka ɗora wa guntun langa-langa, ramin sokawe na maƙwabcin da ya fara gini ya tsaya. Nauyin kansa yana rinjayar jikinsa, da ya leƙa ya kife shi ke nan, ba zai iya ɗagowa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2021 mutum kusan 300,000 ne ruwa ya ci a duniya, kuma kusan ɗaya cikin huɗu yara ne da ba su kai shekara 5 ba. Har Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar 25 ga Yuli don wannan matsalar kaɗai. Ni ba na buƙatar a tuna min da wata rana, duk damina sai an shimfiɗe min su a gadon duba marasa lafiya.

Hunturu ya zo, wuta ta karɓa. Yara su haɗa kara da leda a lungu suna jin ɗumi, ƙaramin na tsakiya da rigar sanyi mai saurin kamawa. Ko a aike su sayen ƙosai da sassafe, kaskon mai na tafasa a ƙasa daidai tsayin fuskarsa, yayar ta saki hannunsa tana ƙirga canji. Ƙunar mai a jikin ɗan yaye, Allah kada ya nuna muku.

Sai Sallah. Ina son Sallah kamar kowa, ina son in ga yara sun sha ado da lalle da tabarau, 'yar jaka a rataye ana tara barka da Sallah. Amma don girman Allah, wane tunani ne zai sa a haɗa yara shida, babbar cikinsu ba ta kai shekara goma ba, a tare musu A Daidaita Sahu a ce su tafi gidan zu, ko su kutsa cikin turmutsutsun Hawan Daushe, inda dawakai ke sukuwa, manya ma da ƙyar suke tsayawa da ƙafafunsu? Ku kunna rediyo da daren Sallah da washegari ku ji cigiya. Yaro sanye da kaza, bai iya faɗin sunan babansa ba, bai san unguwarsu ba. Idan ba ki da halin raka su, su yi yawon Sallarsu a cikin layi, gida biyar, gida shida, inda kowa ya san ɗan waye. Zu ba ya gudu. Bayan Sallah da mako guda cunkoso ya ragu, ku shirya ku je tare, ku ma ku huta.

Gidan biki kuwa wani abin mamaki ne. Mata hamsin a tsakar gida, yaro ya sha kalanzir a gorar lemo a bayan ɗaki, ba wadda ta gani. Kowace tana zaton wata na kallonsa, uwar kuma hankalinta kwance don ta ce wa yayarsa ta kula da shi. Yayar tana can wajen masu kiɗa. To ina za ta kasance? Yarinya ce. An ce ɗa na kowa ne, amma a gidan taro ɗan kowa ba mai kallonsa.

Yanzu bari in zo kan abin da ya fi ƙona min rai. Bayan abin ya faru, sai a rufe yarinyar nan da duka. Tun daga gida ake dukanta har ƙofar asibiti, ana ce mata sakarya, ana cewa ita ta jawo. Haba baiwar Allah! Ke kika ɗora mata kayan da ya fi ƙarfinta. Ita ma raino take buƙata. Idan Allah ya sa ƙanen ya warke, tabon dukan da zagin yana nan. Idan kuwa ta Allah ta kasance, kin bar ta da abin da za ta girma da shi har ta tsufa, tana ganin ita ta kashe ɗan'uwanta. Na ga irin yaran nan daga baya, sun daina wasa, sun daina magana, wata ta koma fitsarin kwance. A gabana dai ba mai sake taɓa su, na sha tsayar da aiki in fita in raba.

Kuma kada a rufe min baki da cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Na yi imani da ƙaddara kamar yadda kika yi. Amma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa ya yi da mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya yi tawakkali. Akuyarki ma ba kya ba 'yar shekara shida ta tsallaka titi da ita.

Malam maigida, kai ma ban manta da kai ba. Kana majalisa a ƙofar gida daga la'asar zuwa magariba, ɗanka ya wuce ta gabanka a bayan yayarsa, ƙafafunsa na jan ƙasa, ko ɗaga kai ba ka yi ba. Me zai rage ka da shi idan ka zaunar da shi a kan tabarmarka? Ka riƙe hannunsa ku je mai shayi, ku je ku duba gona, ku zaga bayan layi ku dawo. Murfin rijiya kuma aikinka ne, ba na matar gida ba. Yau, ba sai an yi albashi ba.

Ba wai ban san halin da ake ciki ba. Mace ɗaya, ga girki, ga wanki, ga sana'a, ga ciki, ga goyo. Wallahi ina tausaya muku, ni ma uwa ce, kuma na san ba ƙin 'ya'yanku kuke yi ba. Amma akwai dabara. A ƙauyukan Bangladesh, inda ruwa ke yawan cin yara, an gwada tara ƙananan yara a ɗaki ɗaya hannun mace babba daga safe zuwa azahar, lokacin da iyaye mata suka fi shiga hidima, kuma mutuwar yara a ruwa ta ragu ƙwarai. Mu da muka iya adashi, me zai hana mu yi adashin raino? Gida huɗu, yau wajen wannan, gobe wajen waccan. Ga kakanni nan zaune suna neman abokin hira.

Layin marasa lafiya na jirana, ga sauran a gurguje:

- Ɗan ƙasa da shekara biyar ba ya fita sai da babba. Yayarsa ta yi wasa da shi a gabanki, ba a bayan idonki ba.
- A gidan taro ki kira sunan mace ɗaya ki damƙa mata shi hannu da hannu.
- Kife baho da bokiti da zarar an gama. Rijiya, murfi mai nauyi da kwaɗo.
- Kalanzir, fiya-fiya, shinkafar ɓera: sama, kuma ba a gorar lemo ba. In ya sha, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja ko madara, a kawo shi tare da gorar.
- Ƙuna: ruwa mai sanyi, ba ƙanƙara ba, a yi ta zubawa minti 20. Ban da ɗanyen ƙwai, man goge baki, gishiri ko toka.
- Wanda aka tsamo daga ruwa: kada a juya shi kai ƙasa ana matsa cikinsa. In ba ya numfashi a hura masa iska a baki, a danna ƙirji, wani ya nemo abin hawa. Ko ya farfaɗo ya yi garau, a kawo shi.
- Ranar Sallah, lambar wayarki a takarda cikin aljihunsa.

Sai kuma ranar awo da rigakafi. Ki zo da kanki, don Allah. Makon jiya ma wata 'yar shekara tara ce ta shigo min da jariri a baya da kati a leda, ta tsallako babban titi, wai Ummanta na gaishe ni tana aiki. Na yi wa jaririn allurarsa, na ba yarinyar ruwa ta sha, na zaunar da su a kan benci, na aika a kira uwar. Sai bayan azahar ta iso, tana fushi da ni.