Huhun Mai Shan Sigari Ma Ana Dasa Shi

Mutane da yawa sun ɗauka cewa idan mamaci ya taɓa shan sigari, ko ya manyanta, to huhunsa ba ya dasuwa a jikin wani. Ba haka ba ne.

Tunanin yana da asali. Tsofaffin ƙa'idojin likitoci sun fi son mai bayarwa ya kasance ƙasa da shekara 55, kuma shan tabarsa bai kai kwali ɗaya kullum na shekara 20 ba. Sai dai huhu gaɓa ce mai saurin lalacewa, kusan ɗaya cikin biyar kawai na waɗanda aka bayar ake dasawa, marasa lafiya kuwa suna mutuwa a layin jira. Binciken da aka wallafa a Birtaniya a 2012 ya nuna cewa wanda aka dasa wa huhun mai shan taba bai kai wanda ya samu na marar sha daɗewa ba, amma ya fi wanda ya zauna jira damar rayuwa. A ganina wannan hujja ce mai nauyi.

Yau huhun kansa ake dubawa: hoton ƙirji, yawan oksijin a jini, da zura bututu mai kyamara cikin hanyoyin iska. Idan akwai shakka, ana ɗora shi a na'urar da ke hura masa iska tana zagaya ruwa cikinsa na wasu sa'o'i, dabarar da likitocin ƙasar Sweden da na birnin Toronto a Kanada suka bunƙasa. Cutar daji mai yaɗuwa ko tabo mai tsanani kam suna hana dashe.